Tashoshi 14 a Filin da Ba Ya Ɗaukar Fiye da Uku: Katsalandan a Wi-Fi na Farko

Duk wanda ya taɓa buɗe shafin saiti na tsohuwar rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet ta iska a gida ko ofis, ya ga jerin lambobi daga 1 zuwa 11, a wasu kuma har 13, an ce ya zaɓi tasha ɗaya. Abin da ke zuwa zuciyar mutum shi ne rediyo, inda kowace tasha take da gurbinta, in ka murɗa ka bar ta sai ta ɓace wata ta bayyana. Saboda haka idan maƙwabci yana kan tasha ta 6, sai mutum ya koma ta 7 ko ta 8 yana ganin ya ba shi wuri. Wannan tunani, duk da saukinsa ga hankali, shi ne tushen yawancin wahalar da aka sha da Wi-Fi tsakanin ƙarshen shekarun 1990 da wajajen 2010. Wanda ya saba sauraron gajeren zango da daddare ya fi kusa da fahimtar gaskiyar lamarin, domin ya san yadda tashoshi biyu masu kusa da juna kan hau kan juna, muryar wannan ta cuɗe da kiɗan waccan, a ƙarshe ba a ji ko ɗaya sosai ba.

Kafin a zo kan tashoshin, ya kamata a san irin filin da aka yanka su a ciki. A taron Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya da aka yi a Atlantic City ta Amurka a shekarar 1947, an keɓe wasu zanguna domin na'urorin masana'antu da kimiyya da asibiti, waɗanda ke amfani da igiyar rediyo wajen ɗumama abu, ba wajen aika saƙo ba. Ɗaya daga ciki shi ne zangon da ke kewaye da megahaz 2450, inda murhun maikirowef ke aiki har yau. An ware shi ne kamar juji, wurin da aka yarda kowa ya zubar da hayaniyarsa don ta yi nesa da zangunan sadarwa. A shekarar 1985 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta ba da izinin a riƙa aika saƙo a wannan zango ba tare da lasisi ba, bisa sharaɗin a yi amfani da salon da ke baza sigina a faɗi, kuma bisa sharaɗin cewa duk na'urar da ta shiga dole ta haƙura da katsalandan ɗin da ta tarar, ba ta da wurin kai ƙara. Faɗin filin gaba ɗaya daga megahaz 2400 ne zuwa 2483.5, wato megahaz 83.5. Rashin lasisi shi ya sa Wi-Fi ya yi arha ya shiga ko'ina, shi ne kuma ya sa babu mai tsara wa zai zauna a ina.

Ƙa'idar Wi-Fi ta farko, mai suna 802.11, wadda ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar a 1997 ƙarƙashin kwamitin da Vic Hayes ya shugabanta, ta zo da hanyoyi biyu na amfani da wannan zango, dukansu a gudun megabit 1 ko 2 a sakan. Hanya ta farko ita ce tsalle-tsalle: an yanka filin zuwa ƙananan gurabe 79 masu faɗin megahaz 1, na'ura ta riƙa sauya gurbi bisa wani jadawali da mai aikawa da mai karɓa suka sani, ba ta wuce milisakan 400 a gurbi ɗaya (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan). Hanya ta biyu ita ce shimfiɗawa: na'ura ta tsaya wuri ɗaya, amma kowane bit ɗaya na saƙo, wato ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta, a mayar da shi ɓarɓashi 11 bisa wani tsari da ake kira lambar Barker, a aika ɓarɓashi miliyan 11 a sakan. Amfanin haka shi ne mai karɓa, da yake ya san tsarin, yana iya tsamo saƙon daga cikin hayaniya, domin shimfiɗawar tana ba shi rinjaye na kusan ninki 11. Farashin wannan rinjaye shi ne faɗi: siginar tana mamaye megahaz 22. Da sabuwar sigar ƙa'idar, 802.11b, ta fito a 1999 da gudun megabit 11, salon shimfiɗawa ta bi, kuma a wannan shekara kamfanin Apple ya saka ta a kwamfutarsa ta iBook da sunan AirPort, daga nan kasuwa ta karkata gare ta, salon tsalle-tsalle ya fara ja da baya.

A nan ne lissafin ya ƙi daidaituwa. Tsakiyar tasha ta 1 tana kan megahaz 2412, ta 2 tana kan 2417, haka ake ta ƙara biyar-biyar har ta 13 da ke kan 2472, sai ta 14 da ta yi nesa kaɗan a 2484. Tazarar tasha da tasha megahaz 5 ce, amma siginar da ake ɗorawa a kai faɗinta 22. Na'urar da ke kan tasha ta 6 tana cika daga 2426 zuwa 2448, wato ta haɗiye tsakiyar tasha ta 4 da ta 5 da ta 7 da ta 8, kuma gefenta yana taɓa duk siginar da aka aika daga tasha ta 2 har zuwa ta 10. Lambar tasha tana nuna inda tsakiyar tabarma take ne kawai, ba ta faɗin inda gefenta ya tsaya, kuma tabarmar ta fi tazarar lambobin faɗi fiye da sau huɗu. Idan aka shimfiɗa irin waɗannan tabarmi a tashoshi 11 da Amurka ta yarda da su, ba tare da wata ta hau wata ba, uku kaɗai za su shiga: ta 1, ta 6 da ta 11, a megahaz 2412 da 2437 da 2462, tsakaninsu da tazarar 25 kamar yadda 802.11b ta nema.

Yawan lambobin yana da nasa amfani, domin ƙasashe ba su buɗe zangon iri ɗaya ba. Amurka ta tsaya a 1 zuwa 11, yawancin Turai 1 zuwa 13, Faransa a farko ta yarda da 10 zuwa 13 kaɗai, Sifen 10 da 11, Japan kuma ita ce mai tasha ta 14. Da jerin lambobi masu kusa da juna, kowace ƙasa tana iya samun gurbin da ya dace da dokarta. Kuskuren, a ganina, shi ne yadda aka miƙa wannan jeri ga mai saye kai tsaye, babu wata alama da ke nuna masa cewa takwas daga cikin 11 tarko ne. Ga shi kuma na'urori da yawa suna fitowa daga masana'anta a saite kan tasha guda, kamar yadda rautocin Linksys suka riƙa fitowa a kan ta 6, sai unguwa guda ta taru a can, masu ɗan ƙwazo kuma su matsa gefe kaɗan su faɗa inda ya fi muni.

Ko tashoshin nan uku ba a rabe suke tsaf ba. Siginar rediyo ba ta yankewa kamar an sa wuƙa, gefenta yana dusashewa ne a hankali. Ƙa'idar ta ce bayan megahaz 11 daga tsakiya ƙarfin sigina ya ragu da aƙalla desibel 30, wato ya koma kashi ɗaya cikin 1000, bayan megahaz 22 kuma ya ragu da desibel 50, kashi ɗaya cikin 100,000. Kashi ɗaya cikin dubu yana kama da abin da ba ya da tasiri, sai an tuna yadda nisa ke cin sigina. A fili buɗaɗɗe, ƙarfi yana raguwa ne da ninkin nisa sau kansa, saboda haka siginar da ta taho daga mita 30 ta fi wadda ta taho daga mita 1 rauni sau 900. Ma'ana, idan kwamfutarka tana kan tasha ta 1 tana sauraron rauta da ke nesa da mita 30, ga kuma wata na'ura a kan tebur ɗaya da kai tana aiki a tasha ta 6, ɗigon da ke tsiyayowa daga gefen wannan ta kusa zai iya kai ƙarfin saƙon da kake jira. A cikin gini abin ya fi haka tsanani, domin kowane bango yana rage siginar nesa, ita kuwa ta kusa babu abin da ya shiga tsakani. Wannan ya sa rautoci biyu da aka ajiye a kan kanta ɗaya, ɗaya a tasha ta 1 ɗaya a ta 11, suna iya takura wa juna, mai su kuma ya rasa dalili tunda a takarda ya bi doka.

Abin da ya fi muhimmanci a fahimta, kuma wanda aka fi tsallakewa, shi ne cewa kalmar katsalandan tana rufe abubuwa biyu da ba su yi kama da juna ba. Akwai maƙwabcin da ke kan tasharka sak, akwai kuma wanda ya rufe rabinta. Hankali yana cewa na farko ya fi cutarwa, amma a yawancin lokuta na biyun ne. Dalilin yana cikin ladabin da aka gina wa na'urorin. Rediyon Wi-Fi ba ya iya magana yana sauraro a lokaci guda, domin muryarsa tana toshe masa kunne, saboda haka ba ya gane an yi karo sai daga baya, idan amsar da ke tabbatar da isowar saƙo ba ta dawo ba. Don kauce wa karo, kowace na'ura tana bin tsarin zaman majalisa: ta saurara, in wani yana magana ta yi shiru, in ya gama ta jira maikirosakan 50 (maikirosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan), sannan ta jefa ƙuri'a ta zaɓi lamba tsakanin 0 da 31, ta ƙirga gaɓoɓin lokaci masu tsawon maikirosakan 20 daidai wannan lamba, wadda ƙirgenta ya fara ƙarewa ita ce da magana. In an yi karo, sai a ninka iyakar lambar zuwa 63, sannan 127, har 1023.

Wannan ladabi bai tsaya ga na'urorin gida ɗaya ba. Idan rautar maƙwabci tana kan tasharka, na'urarka tana fahimtar harshenta: tana jin gabatarwar da ke farkon kowane ƙunshin saƙo, tana karanta tsawon lokacin da zai ɗauka, ta yi shiru har ya wuce. Ku biyun kuna raba lokaci, kowa ya sami ƙasa da abin da zai samu shi kaɗai, amma saƙonni suna isa lafiya. Wanda ke tasha ta 3 ko ta 4 alhali kana ta 1 ko ta 6, na'urarka ba ta iya karanta maganarsa, guna-guni kawai take ji. Kunnen rediyo kuwa ya fi kaifi ga maganar da yake fahimta fiye da guna-guni. A wata sigar ƙa'idar, 802.11a, misali, sai hayaniya ta fi maganar da ake ganewa ƙarfi ninki 100 kafin na'ura ta ɗauke ta a matsayin dalilin yin shiru. Tsakanin waɗannan matakai biyu akwai babban rami, inda hayaniya ba ta isa ta sa a dakata ba amma ta isa ta lalata saƙo. Sai kowa ya yi ta magana a kan kowa, saƙo ya lalace, a sake aikawa, a ninka lokacin jira, kuma wanda ya zauna a tasha ta 3 yana yi wa masu ta 1 da masu ta 6 wannan ɓarna a tare, su ma suna rama masa daga ɓangarori biyu. An gudu ba a tsira ba. Gaskiya ne idan nisa ya isa, tashoshi masu rufe juna kaɗan suna iya zama lafiya, amma a gidajen haya da benaye, inda bango ɗaya ya raba mutum da maƙwabcinsa, wannan nisa babu shi.

Ladabin majalisa yana da nasa rauni, domin ya dogara ne da cewa kowa yana jin kowa. A ɗauki mutum biyu, ɗaya a gabashin gida ɗaya a yammaci, dukansu suna kiran wanda ke tsakar gida. Shi yana jin su duka, su kuwa ba sa jin juna, don haka kowanne yana zaton fili ya samu, muryoyinsu su haɗu a kunnen na tsakiya. Masana sun bayyana wannan matsala ta ɓoyayyen mai magana tun 1975, a aikin Fouad Tobagi da Leonard Kleinrock, kuma a 1990 Phil Karn ya ba da shawarar maganin da 802.11 ta ɗauka daga baya: na'ura ta fara aika gajeriyar neman izini, rauta ta amsa da izinin da kowa zai ji, har da wanda bai ji mai nema ba. Maganin yana aiki, sai dai yana cin lokaci a kan kowane ƙunshi, shi ya sa a yawancin na'urori ake barinsa a kashe. Waɗanda suka ga zamanin shagunan intanet na farkon shekarun 2000 a biranen Najeriya za su tuna dogayen turakun ƙarfe masu eriya kamar raga, kowace tana fuskantar hasumiyar kamfanin da ke ba da layi. Da yawa daga waɗannan hanyoyi a wannan zango suke aiki, kuma tsarin nasu ya mayar da kowane shago ɓoyayye ga ɗan'uwansa, tunda eriya mai kallon wuri ɗaya ba ta jin na gefenta. Ga kuma nisa: igiyar rediyo tana cin mita 300 a maikirosakan ɗaya, don haka zuwa da dawowa a tazarar kilomita 10 yana ɗaukar wajen maikirosakan 67, fiye da gaɓoɓi uku na ƙirgen da aka tsara domin ɗakunan ofis. In ba a gyara saitin jiran amsa ba, na'ura takan yanke ƙauna kafin amsa ta iso, ta sake aika abin da ya riga ya isa.

Sai kuma mazauna jujin na asali, waɗanda ba su san wata majalisa ba. Murhun maikirowef yana samar da ƙarfin da ya kai daga wat ɗari shida zuwa dubu ko fiye, alhali a Turai iyakar Wi-Fi a wannan zango miliwat 100 ce, wato kashi ɗaya cikin goma na wat, kuma abin da ke isa eriyar mai karɓa daga ɗaki mai nisa bai kai ko kashi ɗaya cikin biliyan na wat ba. Ɗan abin da ke tsiyayowa ta gefen ƙofar murhu, wanda ba ya cutar da mutum, ya isa ya nutsar da irin wannan sigina. Tsofaffin murahu masu taransifoma ba sa fitar da hayaniya a jere. Suna bin kaɗawar wutar lantarki, wadda a Najeriya da Nijar da Turai take zagayawa sau 50 a sakan, wato zagaye ɗaya milisakan 20, kusan rabinsa murhu na aiki rabinsa yana shiru. Akwai taga ta kimanin milisakan 10 da saƙo zai iya wucewa. Cikakken ƙunshi na bait 1500, wato bit 12,000, a gudun megabit 11 yana ɗaukar milisakan ɗaya da 'yan kai, don haka da yawa za su shige ta tagar. Amma na'urorin farko, idan suka ga saƙo ya faɗi sau biyu ko uku, sai su ɗauka nisa ne ya yi yawa, su sauko zuwa megabit 5.5, sannan 2, sannan 1. A megabit 1 wannan ƙunshi yana ɗaukar milisakan 12, ya fi tagar tsawo, kuma babu yadda zai wuce ba tare da hayaniyar ta same shi ba. Na'urar ta ga rashin nasara amma ba ta da hanyar sanin dalilinsa, sai ta sha maganin rauni alhali ciwon karo ne, maganin kuma ya ƙara ciwon. Abin da ya dace a nan shi ne akasin haka, a riƙe gudu a gutsuttsura ƙunshin ya gajarta, ko a koma tasha ta 1, tunda hayaniyar murhu ta fi taruwa daga tsakiyar zangon zuwa sama.

Irin wannan tarko ya sake bayyana da Bluetooth, wanda ya gaji salon tsalle-tsalle a gurabe 79, yana sauyawa sau 1600 a sakan, wato kowane maikirosakan 625, kuma a farkonsa ba ya sauraron kowa kafin ya yi magana. Gurabe 22 cikin 79 suna faɗawa cikin tashar 802.11b guda, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Idan na'urar Bluetooth tana kusa kuma tana aiki ba hutawa, ƙunshi mai sauri da ya ratsa tsalle biyu yana da damar tsira kusan rabi, amma na milisakan 12 yana ratsa tsalle kusan 20, damar ya tsira daga dukansu ba ta kai kashi ɗaya cikin 100 ba. Sai a 2003, da sigar 1.2, Bluetooth ya koyi gane guraben da ke cike ya cire su daga jadawalinsa. Wayoyin gida marasa igiya sun fi damun Amurka, inda da yawansu suka riƙa aiki a wannan zango, Turai kuwa ta tsira daga yawancin wannan saboda wayoyinta na DECT suna can tsakanin megahaz 1880 da 1900. Mafi muni su ne na'urorin aika bidiyo da kyamarorin tsaro na tsohon salo, domin su ba sa tsayawa ko na ƙiftawar ido, tashar da suka zauna a kai ta mutu ke nan har sai an kashe su.

Daga duk wannan za a ga cewa abin da ake rububi a kai lokaci ne, domin tasha ɗaya baki ɗaya ke magana a cikinta, kuma kowane milisakan da wani ya ci ya fita daga rabon saura. A 2003 wasu masu bincike a Grenoble ta Faransa, cikinsu har da Martin Heusse da Andrzej Duda, suka nuna sakamakon haka a 802.11b: tsarin ƙuri'a yana raba damar magana daidai, amma ba ya raba tsawon magana. Idan kwamfuta ɗaya tana kusa tana gudun megabit 11, wata tana can nesa a megabit 1, kowacce tana samun zagaye ɗaya bi da bi, ta farko ta gama cikin milisakan ɗaya da 'yan kai, ta biyu ta riƙe fili milisakan 12. A ƙarshe dukansu suna samun ƙasa da megabit 1. Mai nisa ɗaya ya jawo kowa ƙasa, kuma hakan yana faruwa ko da mai nisan na maƙwabci ne, muddin tasharku ɗaya kuna jin juna.

Zuwan 802.11g a wannan shekara ta 2003 ya kawo gudun megabit 54 ta hanyar raba saƙo a kan ƙananan igiyoyi 52 masu tafiya tare, salon da tsofaffin na'urorin 802.11b ba sa ganewa. A wurinsu sabuwar magana guna-guni ce, don haka da zarar tsohuwar na'ura ɗaya ta bayyana, dole sababbin su riƙa yin gajeriyar sanarwa da tsohon harshe kafin kowane ƙunshi, su kuma koma doguwar gaɓar maikirosakan 20 maimakon 9. Ribar sabon gudun takan ragu ƙwarai saboda baƙo ɗaya. Akwai kuma harajin da ake biya ko babu mai amfani da layin. Kowace rauta tana shelar sunanta duk bayan milisakan 102.4, kuma a saitin asali da mafi ƙarancin gudu take yi, megabit 1, bayan doguwar gabatarwa ta maikirosakan 192. Idan shelar ta kai bait 100 kacal, ta ci kusan milisakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin 100 na lokacin tashar. Rautoci 30 masu jin juna a tasha guda sun cinye kusan sulusin lokacin wajen faɗin sunayensu.

Masu tsara hanyoyin sadarwa a manyan gine-gine sun koyi darasi mai wuyar karɓa ga mai saye, cewa ƙara ƙarfi ba ya warware komai. Rauta mai amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, tana kai muryarta nesa, amma kwamfutar da ke can ba ta da ƙarfin da za ta amsa, sai a ga alamar sigina cike alhali shafi ya ƙi buɗewa, kuma duk faɗin da muryar ta kai ya zama fili ɗaya da za a raba lokacinsa. Da tashoshi uku kacal, aikin ya zama na jera 1 da 6 da 11 yadda biyu masu lamba ɗaya ba za su yi kusa ba, ba a gefe kaɗai ba har sama da ƙasa, tunda sigina tana ratsa dakalin bene, sannan a rage ƙarfin kowacce don ta tsaya a yankinta. A ƙasashen da ke da tashoshi 13, sabon salon 802.11g mai faɗin megahaz 20 ya ba da damar jera huɗu, 1 da 5 da 9 da 13, amma wannan yana buƙatar kowa a wurin ya bi tsari ɗaya, ga shi kuma na'urar da aka saita don kasuwar Amurka sau da yawa ba ta ganin tasha ta 12 da ta 13 sam. A kasuwannin da kaya ke shigowa daga ƙasashe daban-daban, sabo da na hannu, wannan ya isa ya sa rauta ta ɓace wa kwamfuta ɗaya alhali sauran suna ganinta. Da 802.11n ta zo a 2009 da damar haɗe tashoshi biyu su zama megahaz 40, sai mutum ɗaya ya iya mamaye kusan rabin zangon shi kaɗai.

Mafita tana nan tun 1999, domin 802.11a da ta fito tare da 802.11b tana aiki a gigahaz 5, wato wajen megahaz 5000, inda tashoshi suke jere da tazarar megahaz 20 ba tare da hawa kan juna ba. Tsada, da gajartar nisa a cikin gini, da dokokin kare na'urorin rada masu hango jirage da yanayi a Turai suka jinkirta ta, har sai da cunkoso ya tilasta. Yadda cunkoson ya kai ya fito fili a watan Yuni na 2010 a San Francisco, lokacin da Steve Jobs, shugaban Apple na wancan lokaci, ke gabatar da wayar iPhone 4, shafin intanet ya ƙi buɗewa a gaban jama'a, daga baya ya shaida wa mahalarta cewa an ƙirga na'urorin rarraba Wi-Fi 570 suna aiki a zauren, ya roƙi a kashe su. Da yawa daga cikinsu ƙananan na'urorin aljihu ne irin MiFi da mahalarta suka shigo da su. Idan aka ɗauka an raba su daidai a tashoshi uku, kowace tasha ta sami 190, idan kuma kowacce tana yin shelarta ta milisakan ɗaya a tsohon gudu, ana buƙatar milisakan 190 a cikin kowane 102.4, tun kafin wani ya nemi buɗe shafi ko ɗaya.